Sha Biyar ga Maris: Ku Matso, Masu Gardama

Ku matso kusa, masu gardama, yau da ku nake. Na san ku, na kuma san majalisunku: masu zaman gindin bedi a Rabah, masu zauren karatu a Wurno, da 'yan rumfar albasa a Goronyo. Da zarar mai gabatarwa a rediyo ya ce "a rana mai kamar ta yau", sai baki ya taɓe. Wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce camfi ne, na ukun kuwa ya ce ko da gaskiya ce ba ta sayen mudun gero. To, ga rana guda na kawo muku, kuma ba daga Ingila ko Amurka na yi dakonta ba, a ƙofar gidanku na tsince ta: 15 ga watan Maris.

Ranar Lahadi, 15 ga Maris 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Faɗan bai daɗe ba, domin takobi da mashi ba su da ta cewa gaban bindiga mai ruwa. Sarki ya yi gabas da jama'arsa, har aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli. A wannan Lahadin dai, can a Dange, aka haifi wani yaro, jikan Sarkin Musulmi Mu'azu, aka raɗa masa suna Abubakar. Shi ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938, ya yi shekara hamsin a kai, kuma a kan idonsa Turawan suka naɗe tutarsu a 1960. Shekara 56 cif bayan Giginya, ranar 15 ga Maris 1959, wadda ita ma Lahadi ce, Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta, kuma hannun da ya karɓa na ɗan Rabah ne, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato.

Faɗuwar daula, haihuwar sarki, dawowar mulki, duk a rana ɗaya. Bismillah, ku fara.

Na ga baba na Rabah ya gyara zama, ya tofar da tukar goro. "Kai yaro, ana ta kai, wa ad da alƙalami a Dange? Wa ma yas san wani abu wai shi Maris?" Baba, ka yi tambaya, kuma rabinta gaskiya ce. Babu ungozomar da ta san Maris a 1903. Sai dai ba ta buƙatar ta sani. Mu mutane ne masu ɗaure haihuwa a jikin abin da ya faru. Kakanninmu ba sa cewa 1914, cewa suke shekarar Kakalaba, kuma duk wanda ya ji ya san yunwar da ake nufi. Yaron da ya zo ana tsaka da ruwa Anaruwa ne, na cikin azumi Ɗan'azumi, ta ranar Talata kuwa ko ta yi jikoki Talatu ce. To, matar da ta sauka ranar da labari ya iso cewa Nasara sun shiga birnin Shehu, kana jin za ta manta? Ai Dange ba ta da wani nisa da Sakkwato. Turawa sun rubuta ranar yaƙin a rahotanninsu da tasu kalandar, gida kuma ya riƙe cewa ranar aka yi haihuwar. Haɗa biyun, sai ga 15 ga Maris. Cikin ranakun haihuwar mutanen wancan zamani, da wuya ka sami wadda ta fi wannan sauƙin riƙewa.

Amma tunda ka taɓo zancen alƙalami, baba, bari mu leƙa naka gidan. Littattafai sun ce an haifi Sardauna a Rabah ranar 12 ga Yuni 1910, ɗan Ibrahim hakimin garin, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Wasu ma 1909 suke rubutawa. Ranar ba a ci wani birni ba, ba a yi husufin da za a riƙa tunawa ba, damina ce kawai ke shirin kankama. Amma ban taɓa jin mutumin Rabah ya ce "wa yar rubuta" a kan wannan ba. In ranar ta Dange ce a kawo shaidu, in ta gida ce a ce haka ne, ranka ya daɗe. Har ma kun yi tsuntuwa a kanta: tun 2019 ake hutu a Najeriya duk 12 ga Yuni, bayan da Shugaba Buhari ya ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu ya mayar da ita can, don tunawa da zaɓen Abiola na 1993 da soja suka soke. Wato ma'aikacin Rabah na kwana a gida ranar haihuwar Sardauna, amma albarkacin mutumin Abeokuta. Kada dai Gobirawan Sabon Birni su ji, don za su ce ai aikin bawa ne ya nema wa ubangijinsa hutu, Yarbawa kuma su ce sun ji, za su rama.

Kuma baba, ciro katin shaidarka mu gani. Me aka rubuta? 1 ga Janairu. Na maƙwabcinka? 1 ga Janairu. Na liman? Shi ma. In za a bi katunan nan, iyayenmu mata sun haɗa baki ne suka riƙa haihuwa rana ɗaya cikin hunturu, sauran kwanakin shekara suna hutawa. Kowa ya san yadda aka yi: an je neman aiki ko fasfo na aikin Hajji, aka tambayi ranar haihuwa, aka yi shiru, magatakarda ya cike da abin da ya fi sauƙi. Mutumin da ke yawo da ranar da magatakarda ya ƙaga masa a aljihu, shi ne ke tuhumar ta Sarkin Musulmi.

Yanzu ga malam na Wurno, wanda tun ɗazu yake jan carbi yana girgiza kai. Shi ba musun ranar yake ba, ƙyamar zancen yake baki ɗaya. "Wanga abu camfi na. Rana ba ta kawo alheri ko sharri da kanta. Kuma mi ya haɗa mu da kalandar Nasara, mu da ke da tamu?" Allah gafarta malam, a kan ta farko ba mu da saɓani ko kaɗan. Ban ce 15 ga Maris na da aljani ba, ban ce kowa ya fasa tafiya ko ya ɗaga ɗaurin aure saboda ita ba. Masu duba da bugun ƙasa su nemi wani, ba ni ba.

Ta biyun ce ke da nama, kuma garinku ne ya fi kowa cancantar ya tayar da ita. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu, a nan kabarinsa yake. Sarakuna da dama bayansa nan suka mai da mazauni, har baƙon nan Bajamushe, Barth, da ya zo a 1853 zamanin Aliyu Babba, a Wurno ya yi makonni. Malaman wancan lokaci ba su yi wasa da kwanan wata ba: sun rubuta cewa Bello ya rasu ranar 25 ga Rajab 1253. Da aka zo juya ta zuwa kalandar boko sai aka rabu, wasu littattafan suka ce 25 ga Oktoba 1837, wasu suka ce 26. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Watanmu da ganin jinjiri yake kamawa, ranarmu kuma daga faɗuwar rana take farawa, tasu daga tsakar dare. Kwana ɗaya kan ɓace a tsakani, kamar dai yadda har gobe wani gari kan yi Sallah yau, maƙwabcinsa gobe.

Kuma shekararmu ta gaza tasu da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka ranakunmu yawo suke a cikin tasu, sai bayan shekara 33 suke komowa kusa da inda suka baro. In aka bi lissafinka, malam, duk ginin da na yi ya rushe: yaƙin Giginya ya faɗo tsakiyar Zulhajji 1320, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, mulkin kai na 1959 kuwa farkon Ramadan 1378. Ko wata ba su haɗa ba, balle rana. Haka ma 15 ga Janairu 1966, Asabar ɗin da sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Dattawan da suka ga ranar ba Janairu suke fara ambata ba, cewa suke cikin azumi ne, a goman ƙarshe. Wannan 15 ga Janairun ba ta sake faɗowa cikin Ramadan ba sai a 1997. Na yarda, ka ci wannan.

Sai dai ga wata 'yar tsaraba, tunda kalandarka muke bi. Ɗauki 12 ga Yuni 1910 ɗin nan ta mutanen Rabah, ka juya ta da lissafin da ake buga kalandar Hijira da shi. Za ta ba ka 3 ga Jimada Akhir 1328. Yaushe Shehu Usmanu ya rasu? Ranar 3 ga Jimada Akhir 1232, wadda ta yi daidai da 20 ga Afrilu 1817. A'a, malam, ya na ga carbi ya tsaya? Ɗazu da ranaku suka haɗu a kalandar Nasara camfi ne, yanzu da suka haɗu a tamu na ji ka ce "ikon Allah". To duka biyun ikon Allah ne, kuma duka biyun ba su nuna komai ba face cewa mai nema yana tare da samu. Tunda ma 20 ga Afrilu ta shigo zance, a ranar ce a 1996 gwamnatin Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. Kada ka ce na ce wani abu, lissafi kawai nake.

Alhaji na Goronyo bai tanka ba tun da aka fara, yana ta danna waya yana lissafin buhunan da za su tafi kudu. Shi ne mafi haɗari a cikinku, don shi da lamba yake magana. "Malam marubuci, kwana nawa ne a shekara? 365. Abubuwa nawa suka faru tun da aka yi duniya? Ba iyaka. To dole su hau kan juna. Dace ne kawai." Alhaji, hannunka. Ka faɗi abin da masana lissafi suka daɗe da tabbatarwa, har ma abin ya fi yadda kake zato. In mutum 23 suka taru, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi. In sun kai 57, ta kai kashi 99 cikin ɗari. Wato motar kasuwar Acida guda, irin wadda aka ƙera don mutum 18 amma kwandasta ya ga akwai sauran wuri, ta isa a yi gwajin. Sharaɗi kawai kada a duba katin shaida, don in an duba, mutum uku ma sun isa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne in na ce maka 15 ga Maris cike take maƙil. A ranar ce 'yan majalisar Rum suka daddaɓa wa Yuliyas Kaisar wuƙa, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. A ranar ce a 1493 Kolombas ya komo Sifaniya daga tafiyarsa ta farko. A ranar ce a 1917 Sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya sauka daga gadon mulki, ko da yake, malam na Wurno ka saurara, a kalandar da Rashawa ke bi a lokacin 2 ga Maris ce, don su ma Nasaran ba kansu ɗaya ba a lissafi. A ranar ce kuma, wata Juma'a a 2019, wani ɗan bindiga ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a ƙasar New Zealand, Allah ya jiƙansu, abin da ya sa a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar don yaƙi da ƙyamar Musulunci. Ba wata igiya da ta ɗaure Kaisar da Giginya. Ka zaɓi kowace rana ka ga dama, za a cika maka faifai da irin wannan.

Af, na kusa mantawa da taka. 15 ga Maris ita ce ranar kare haƙƙin masu saye ta duniya. Ban ce komai ba a kan buhun da manyan albasa ke sama, 'yan ƙanana na ƙasa. Na san ba a Goronyo ake yi ba, wasu garuruwa ne can.

To amma Alhaji, a nan lissafinka ya tsaya, don cikin abubuwa ukun da na jera a farko, biyu ne kawai suka faɗo da kansu. Na ukun ɗora shi aka yi da hannu. Jihar Yamma da ta Gabas sun karɓi mulkin kansu tun a watan Agusta 1957. Arewa ta ce ita sai 1959, tana son ta shirya ma'aikatanta tukuna. Shekara ce mai kwana 365 kamar kowace, kuma da sauƙi ake nema da an ɗauki 1 ga Janairu, ko 1 ga Afrilu da shekarar kuɗin gwamnati ke farawa a wancan lokaci. Sardauna da gwamnatinsa suka tsallake duk waɗannan suka ɗora yatsa a kan 15 ga Maris, da gangan, domin ita ce ranar da Sakkwato ta faɗi. A ranar ce Gwamna Sir Gawain Bell ya sauka daga shugabancin majalisar zartarwa ya bar wa Firimiya, wato Sardauna. Da yake ta faɗo cikin azumi, sai a watan Mayu aka yi shagulgulan da hawan daba a Kaduna, inda baffan Sarauniyar Ingila, Duke na Gloucester, ya halarta. A duba da kyau: an yarda a ɗaga biki, ba a yarda a ɗaga ranar ba.

Ga amsar tambayarka ta ɗazu ke nan, malam. Me ya haɗa mu da kalandar Nasara? Jinin Bello ne ya zaɓe ta, mutumin da ya san Zulhajji da Rajab tun yana allo. Da don mutanen Wurno kaɗai yake yi, da ya jira tsakiyar Zulhajji. Amma saƙon na waɗanda suka rubuta 15 ga Maris 1903 a littafinsu ne a matsayin ranar nasara, kuma bashi da kuɗin da aka ci shi ake biyansa. Ni a ganina wannan na cikin manyan dabarun siyasar mutumin, kuma ya yi ta ba tare da ya ɗaga murya ko ya zagi kowa ba. Ku kuma mutanen Wurno kuna da kaso a cikin labarin fiye da yadda kuke nunawa. Bayan an watse daga Giginya, Marnona da ke ƙasarku Waziri Buhari ya nufa da jama'a, a can aka yi shawarar ko a bi Sarki hijira ko a koma a zauna da Nasara don a tsare addinin talakawan da ba su iya tafiya. Suka koma. Ranar 21 ga Maris Lugga, shugaban Turawan, ya tabbatar da Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, a kan gado. Zaman haƙurin da aka ƙulla a Marnona shi ne ya kai har 1959.

Akwai kuma wani ɗan abin dariya a ciki, wanda na tabbata mutanen fada sun lura. Lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, Ahmadu, wanda ke Sarkin Rabah tun 1934, yana cikin masu neman gadon. Abubakar ya samu, shi kuma Ahmadu aka ba shi sarautar Sardauna da Abubakar ɗin ya bari, aka tura shi Gusau. Kowa ya san an ɗan sha tsami tsakaninsu a shekarun da suka biyo baya kafin a daidaita. Sai ga shi wanda bai sami rawanin ba, ya karɓo mulkin Arewa baki ɗaya daga hannun Turawa a ranar da wanda ya samu ke cika shekara 56 a duniya. Alhaji, wannan ɓangaren na bar maka, dace ne. Amma ka yarda dacen ya iya zaɓen wuri.

"To na ji. Mi zan samu?" Ka samu abin da kake samu in ka rubuta ranar da ka ba da bashi. Kai da ba ka manta ranar da aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, ba ka manta makon da farashin tafarnuwa ya karye, kai ne za ka ce riƙe rana ba shi da amfani? Madatsar nan an gama ta a 1984 a kan gulbin Rima, kuma yaran da aka haifa a shekarar yau su ne magidanta, amma tare goma daga cikinsu ka tambaye su me ya faru ranar 15 ga Maris, ka ga ido. Za su faɗa maka 15 ga Janairu, don ranar kuka ce, kuma gwamnati na ajiye furanni a ranar don tunawa da sojoji, tunda a ranar ce a 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Ranar da aka kashe mutumin mun riƙe ta gam. Ranar da shi da kansa ya zaɓa ya ce a riƙe, ita muka saki. Wannan kam ba laifin Nasara ba ne, ba kuma na kalanda ba.

Don haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Malaman makarantun Rabah da Wurno da Goronyo, in 15 ga Maris ta zo, ku ɗauki minti goma ku gaya wa yara abin da ya faru a Giginya da Dange da Kaduna, ku ƙara da Marnona don su san abin ya biyo ta ƙofar gidansu. Malam, ka faɗa musu da Zulhajji da Ramadan in ka fi so, ba mai hana ka. Baba, in kana da hujjar cewa ba ranar aka haifi Sarki Abubakar ba, kawo ta, za a saurare ka da ladabi. Wanda kuma aka yi wa haihuwa a bana, ya rubuta ranar da kalanda biyun tun kafin a yanka ragon suna, ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ya karɓo takardar haihuwa. Masu 1 ga Janairu sun yi yawa, Alhaji, kada ka ƙara mana wani.